Yadda ake dasa mangwaro da gwaiba a kan fako

Wanda yake son dasa itacen marmari a Marwa ko Kusuri da ke arewacin Kamaru, ko a Injamena ta Cadi, ya kamata ya fara aikin rami tun kafin ya je sayen dashe, domin ramin ne zai riƙe itacen a shekaru biyun farko. Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ake samu a Marwa kuma bai wuce kimanin milimita 800 a shekara ba, yana ƙara raguwa idan aka nufi Tafkin Cadi. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, kuma a kan fako ruwa ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi ya bi kwari.

A haƙa ramin a watan Afrilu ko Mayu, faɗinsa da zurfinsa su kai santimita 80, ko mita guda idan ƙasar ta yi tauri sosai. A ware ƙasar sama gefe guda, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki kamar bokiti uku, da ɗan toka, da yashi idan ƙasar laka ce, sannan a mayar da ita cikin ramin a bar ruwan farko ya kwantar da ita. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, saboda haka wanda har yanzu yake ɗumi idan an tura hannu cikinsa bai isa amfani ba. Ƙasar da aka tono daga can ƙasa kuwa, a jera ta kamar rabin wata ta gefen gangare, yadda duk ruwan da ya gangaro zai tsaya a gindin itacen.

Wajen zaɓen dashe, a nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani dashen. Mangwaro mai aure, irin su Kent da Amélie, yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, alhali na ƙwallo yana iya kai shida ko fiye, kuma ba a san irin 'ya'yan da zai bayar ba. A bar mita 8 zuwa 10 tsakanin mangwaro da ɗan'uwansa, gwaiba da lemo kuwa mita 5 zuwa 6 sun wadatar. Inda ruwa ya yi wuya ƙwarai, a ganina magarya mai aure ta fi mangwaro amfani, don ba ta tsoron fari. A dasa da yamma bayan damina ta kankama, a yanke ledar a hankali, kuma kada a binne mahaɗar auren.

Ban ruwan rani shi ne inda mutane da yawa suke sarewa, alhali akwai hanya mai sauƙi. A binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba kusa da dashen, bakinsa kaɗai a waje, a cika shi da ruwa a rufe da fasasshen kasko. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Wanda ba shi da tulu ya shayar da yawa sau biyu a mako, domin yayyafi na kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. A rufe gindin da karan dawa ko busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da jikin itacen saboda gara. Garar nan ba abokiyar gaba ba ce gaba ɗaya, domin hanyoyin da take haƙawa ƙarƙashin kara su ne suke buɗe fako ruwa ya shiga.

Saboda awaki da iskar hunturu, dashen yana bukatar shinge na ƙaya ko zana har itacen ya fi ƙarfinsu. Idan akwai gawo a filin, kada a sare shi, domin yana zubar da ganyensa da damina ya zama taki. Darbejiya kuwa, duk da inuwar da take ba titunan Marwa, a nisanta ta da dashe saboda saiwarta tana jan ruwa. Furen da mangwaro mai aure ya fitar a shekara biyun farko a tsinke shi, itacen ya fara yin jiki tukuna.