Kurakuran da Muke Yi Wajen Yaƙi da Sabo, da Abin da Ƙwaƙwalwar Ɓera Ta Nuna

Wani yayana mai tuƙa adaidaita sahu tsakanin Kantin Kwari da Kabuga ya yi watan azumi cur bai kunna sigari ba, ko da daddare. Kwana uku bayan sallah ya zauna a bencin mai shayin da ya saba, aka miƙo masa kofi, sai ga kara a bakinsa. Na ce, "Yaya, ashe ba a bari ba?" Ya dubi hannunsa ya ce, "Wallahi ban san sanda na kunna ba." 'Yan majalisa suka ce ba shi da zuciya ne. Ni na gaskata shi, domin babban kuskurenmu ke nan: mun ɗauka sabo raunin niyya ne kawai.

A 1999 Ann Graybiel da abokan aikinta na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa abin da suka gani a kan ɓeraye. Sukan saki ɓera a wata hanya mai siffar harafin T, a kaɗa masa sauti da ke nuna dama zai karya ko hagu, idan ya dace ya tarar da cakulet. Sun dasa siraran wayoyi a wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira sitirayatom, suna sauraron ƙwayoyinsa. Sa'ad da ɓera yake ɗan koyo, ƙwayoyin suna ta aiki a tsawon tafiyar. Da ya goge, sai aikin ya tattaru wuri biyu, farkon gudu da ƙarshensa, tsakiya kuwa ta lafa. Ƙwaƙwalwa ta ɗaure tafiyar nan duka ta zama dami ɗaya. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Ƙofar Nassarawa ya tsinci kansa a ƙofar gida bai tuna shataletalen da ya wuce ba, ya san wannan dami.

Gyaran yana nan. A daina kokawa a tsakiyar dami, a koma bakin ɗaurin. Ga yayana, bencin nan da ƙamshin shayin nan su ne buɗe ƙofa. Sigari tana da tata ƙugiyar ta sinadari, wannan gaskiya ne, amma wurin zama ne yake kunna ta. Mai kwana yana latsa waya kuma, ajiye ta a wani ɗaki kafin ya hau gado ya fi masa alwashi goma.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na iyaye. Muna zaton idan yaro ya san illar abu zai bari, sai mu yi ta faɗa. A jami'ar Cambridge ta Ingila, Christopher Adams ya koya wa ɓeraye danna wani ɗan ƙarfe su samu sukari, ya wallafa sakamakon a 1982. Wasu sun danna sau 100, wasu sau 500. Daga nan aka haɗa musu sukarin da magani mai tayar da zuciya har suka tsane shi. Masu sau 100 suka ja baya da dannawa. Masu sau 500 suka ci gaba da danna ƙarfen abin da ba sa ko son ci. Hannu ya rabu da dalili. Shi ya sa Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma shi ya sa nasiha ta fi kama wanda bai daɗe da farawa ba. Wanda ya yi nisa, a haɗa masa nasihar da sauya wuri da abokan zama, a kuma ba hannunsa wani abin yi a daidai lokacin da ya saba.

Sai masu ɗauka cewa abin da aka bari ya goge. A 2005 ɗakin binciken Graybiel ya janye cakulet ɗin, ɓerayen suka daina gudu da himma, alamar farko da ƙarshen nan ta dusashe. Da aka dawo da ladan, nan da nan ta dawo. Tsohon sabo kwanciya yake yi, ba ya mutuwa. Wanda ya bari ya sa ido sosai ranar da ya koma tsohon wuri, da ranar da damuwa ta yi masa yawa. Wani bincike na Fotugal a 2009 ya nuna ɓerayen da aka daɗe ana takura wa sun fi saurin komawa aiki da sabo maimakon lissafi.

Wajen gina hali mai kyau kuma, mukan raina alama. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Wolfram Schultz, ya auna ƙwayoyin da ke fitar da dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da tsammanin lada, a ƙwaƙwalwar birai: da farko suna zabura ne idan ruwan 'ya'yan itace ya ɗiga a baki, bayan koyo sai su zabura tun da fitilar da ke sanar da zuwansa ta haska. Mai kiwon ragon layya ya san haka, ƙarar kwanon dusa kaɗai ta isa ta miƙar da rago. Don haka mai son karatu ya daina cewa "idan na samu lokaci". Ya ɗaure shi da abin da ba ya tashi, kamar idar da sallar asuba, a tabarma ɗaya, kullum.

Maganar da ake yawo da ita a Facebook cewa kwana 21 sun isa a gina sabon hali kuwa ba ta da tushe a gwaji. Wata mai bincike, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 masu koyon sabon hali a Landan, ta samu tsaka-tsakin kwana 66 kafin sabon abu ya zama jiki, daga kwana 18 har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya zame yau ya ci gaba gobe.

Yayana yanzu a gida yake shan shayinsa kafin ya fito da mashin, kuma idan ya biyo layin mai shayin da fasinja, ɗaga hannu kawai yake yi ya wuce.