Yadda ake shimfiɗa ciyawar roba a otel ko wurin biki in ƙasar wajen laka ce

Yanzu a Maradi duk wanda ya buɗe otel ko wurin cin abinci ko zauren biki so yake a ga kore shar a farfajiya, to ciyawar gaske kuma ruwa take sha ba kaɗan ba, shi ya sa mutane suka koma ma ta roba, wadda masu sayarwa ke ce ma gazon. Matsalar ita ce kowa hankalinsa na kan ciyawar, alhali aikin duka a ƙarƙashinta yake.

Kafin ka kashe ko dala, duba ƙasarka. Saman gari galibi jigawa ne, rairayi, ruwa na sauka ya shige. Amma in filinka ya gangara wajen Gulbi, ko fadamar Tibiri, Jiratawa har Madarunfa, nan laka ce, kuma dattawa sun san halin wurin tunda ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da gari daga kwari aka hau tudu. Laka in ta sha ruwa kumbura take, in rani ya yi ta tsuke ta tsattsage, ruwa kuma kwanciya yake a kanta ba ya wucewa. Gwaji mai sauƙi: haƙa rami kamar santimita 30, cika shi da ruwa da yamma, in da safe ka iske ruwa na nan to ka san da wa kake.

Aikin da rani ake yinsa, ƙasa a bushe. Wanda ya bari sai Agusta ya jawo ma kansa, don laka jiƙaƙƙa ba ta dannuwa, caɓi kawai za ta yi.

Sai haƙa. A kwashe santimita 15 zuwa 20 na ƙasar sama, da saiwa da komi, a fitar da ita waje kar mason, wato magini, ya ce maka bari a baje ta a gefe. Gindin ramin a ba shi gangare, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi wajen kwata ba wajen ginin ba. Nan ne ake cin amanar mai wuri wallahi, ido ba ya ganin gangare, a sa igiya da tiyon awo, wanda magina ke zuba ma ruwa su auna daidaito, a tabbatar. A gefen da ya fi ƙasa a haƙa ɗan lambatu, a kwantar da tiyo mai huji-huji, a rufe shi da tsakuwa, bakinsa ya fita inda ruwa zai tafi da gaske. In ruwan indararo na zuba a filin, shi ma a kama shi a haɗa da tiyon, ruwan rufin kwano ɗaya ya isa ya kwashe maka aiki a dare guda.

Daga nan a shimfiɗa yadin nan da ake ce ma jiyotekstil, ruwa na ratsa shi amma laka ba ta hawowa ta cakuɗe da tsakuwa. Kar a sa leda a madadinsa, leda riƙe ruwa take. Sai tsakuwa fasasshiya mai kaifi, santimita 10 zuwa 15, ba mai santsi ta gulbi ba don ita ba ta kama juna. A zuba rabi a yayyafa ruwa a danne da injin dannewa, a ƙara rabi a sake dannewa, wurin da jama'a za su taka da kujeru da masu rawa ba a danne shi da ƙafa ko turmi. A saman a sa garin dutse santimita 2 ko 3 a daidaita. Wasu za su ce maka jar ƙasa ta fi arha, eh, amma in lakar cikinta ta yi yawa ka dawo inda ka taso. A zagaye filin da dakalin siminti ya riƙe tsakuwar.

Ita ciyawar a naɗe take zuwa, faɗin mita 2 ko 4. Juya bayanta ka ga hujin da ruwa ke bi, ka ja gashin da hannu ka ga ko yana tsigewa, ka tambaya ko an yi ta don rana. Ta wurin kasuwanci gara mai gashi cike, tsawon milimita 30 zuwa 35, mai tsawo sosai kyau gareta ranar farko sai ta kwanta. A warware ta a bar ta ta sha rana ta miƙe kafin a yanka, kuma duk yankunan gashinsu ya kalli gefe ɗaya, in ba haka ba launi biyu za ka gani kuma ba gyara. A haɗa bakin yankunan da kaset, wato ƙyallen haɗi da ake sawa ta ƙasa, da gam nata na musamman, a kafe gefe da dogayen ƙusa, a watsa busasshen rairayi wankakke a share shi da buroshi mai tauri har gashin ya miƙe tsaye.

Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne zafi. Afrilu da Mayu da azahar robar nan ba ta takuwa ba takalmi, yara ma ƙona su take, don haka a yi rumfa ko a bar ma bedi wurinsa, a riƙa fesa ruwa kafin baƙi su zo. Lokacin hunturu ƙura na toshe hujin, sai shara da wanki da tiyo lokaci-lokaci. Mai shayi da mai tsire da masu shisha kuwa a yi musu dakalinsu can gefe, garwashi ɗaya in ya faɗi narkewa take, sai an yanke wurin an yi faci, shi ya sa ragowar da aka yanke ranar aiki ake ajiye ta a sito.