Daga Jidda zuwa ƙaramin gari a gaɓar Bahar Rum: shirin mai aiki ta intanet

Idan kana zaune a Saudiyya, aikinka kuma na kwamfuta ne da ake biyanka daga wata ƙasa, akwai hanyar halal ta komawa wani ƙaramin gari a bakin teku, a Sifaniya ko Girka. Amma abin yana da jeri, kuma wanda ya saɓa jerin yakan yi biyu babu.

Kada ka taɓa igamarka, wato takardar izinin zamanka a Saudiyya, sai biza ta fito. Ofishin jakadanci yana karɓar takardun wanda yake da izinin zama a ƙasar da ya nema ne, saboda haka wanda ya yi fita ta ƙarshe daga Saudiyya kafin ya nema sai dai ya koma Najeriya ko Nijar ya fara daga tushe. Wanda kuwa ya shigo da bizar Umara ya zauna, wannan ƙofa ba tasa ba ce tukuna.

Sifaniya ta buɗe bizar masu aiki daga nesa da dokar da ta yi a ƙarshen 2022. Tana son kuɗin shigarka ya kai ninki biyu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a 2025 ya kama kusan Yuro 2,760 a wata, da shaidar ka yi wata 3 kana aiki da kamfanin, shi kuma kamfanin ya shekara yana aiki, da digiri ko ƙwarewar shekara 3. Mai zaman kansa kada abin da yake samu daga cikin Sifaniya ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Girka ta fi tsauri: Yuro 3,500 a wata, a ƙara kashi 20 saboda mata, kashi 15 ga kowane ɗa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne takardar shaidar rashin laifi. Ta Saudiyya hatimin apostil, wato hatimin tantance takardu tsakanin ƙasashe, ya wadatar da ita, tunda ƙasar ta shiga yarjejeniyarsa a 2022. Takardun Najeriya kuwa sai sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadanci, sannan rantsattsen mai fassara ya mayar da su Sifaniyanci. Takardar rashin laifi wa'adinta 'yan watanni ne, don haka ita za ka nema a ƙarshe, kada ta mutu kana jiran sauran.

Sai gida, kuma a nan muke roƙon ka natsu. A garuruwan Sifaniya irin su Nerja da Altea za ka ga haya mai araha daga Oktoba zuwa Mayu, ka ɗauka gaba ta kai ka. Ba haka ba ne. Da Yuni ta kama mai gida zai buƙaci ɗakinsa ya ba 'yan yawon buɗe ido, waɗanda kuɗin makonsu yakan kusa kai na watanka. Nemi yarjejeniyar shekara a rubuce, ka kuma tambaya tun kafin ka sa hannu ko zai yarda ka yi rajistar mazauna a ofishin magajin gari da adireshin, abin da suke kira padrón. Ita ake nema wajen sa yara makaranta da rajistar asibitin unguwa.

Mutumin Makka zai ce ai ƙasar rana ce. Da rani ne. Gidajen bakin teku an gina su ne don korar zafi: daɓen tayil, taga mai gilashi ɗaya, ba bututun ɗumama. A Janairu sanyin cikin ɗaki yakan fi na waje, ga danshi. Ja kabad daga jikin bango ka duba. In ka ga baƙin tabo ko ka ji warin ruma, bar gidan, domin zai ci tufafi ya taɓa ƙirjin yara. Zaɓi mai fuskantar kudu. Duba takardar kuɗin wuta ka ga ƙarfin da aka yi rajista: kilowat 3.45 ba zai ɗauki hita da butar lantarki da tanda a lokaci guda ba, wuta za ta yanke kana tsakiyar taro. Intanet kuma kada ka yarda da "akwai" ta baki. Zauna da kwamfutarka a ɗakin ka gwada. Soket ɗinsu mai rami biyu ne, filoginka na Saudiyya mai ƙafa uku sai da adafta.

Juma'a ranar aiki ce a can, Lahadi kuma yawancin shaguna a rufe. Kafin ka zaɓi gari, auna nisansa da masallacin Juma'a da mahaucin halal. Yankin Almeriya da Malaga akwai 'yan Maroko da yawa, nama da jam'i ba sa wuya, amma a ƙauyen tsibirin Girka kana iya rasa duka biyun.

Da zarar ka wuce kwana 183 a shekara, ka zama mai biyan haraji a ƙasar, abin da wanda ya saba da albashin Saudiyya bai taɓa lissafawa ba. Je ka ga akanta, mai lissafin haraji, tun watan farko, ka riƙa ware kason haraji a wani asusu dabam duk ranar da kuɗi suka shigo.