Yadda Ake Amfani Da Kalmar Sufanci Ba Tare Da An Ɓata Ta Ba

Ranar da ɗan ƙanwata ya nuna mini aikin makarantarsa, na ga ya rubuta wai sufanci harkar tsibbu ce da aljanu, sai da gabana ya faɗi. Kakansa fa Batijjane ne. Na tashi ina ganin Baba kullum bayan magariba a ƙofar gida, an shimfiɗa farin ƙyalle, an kewaye shi ana wazifa. Abin da na faɗa wa yaron shi zan faɗa muku.

Fara da tushen kalmar. Daga Larabci take, tasawwuf, kuma malamai da yawa na danganta ta da suf, wato ulu, tufar masu gudun duniya na farko. Ma'anarta tsarkake zuciya da neman kusanci da Allah ta hanyar zikiri da zuhudu, a hannun shehin da ke yi maka tarbiyya. Mutum ɗaya sufi, jam'i sufaye.

Sannan ka raba ta da ɗariƙa. Sufanci shi ne ilimin da halin. Ɗariƙa kuwa hanya ce mai shehi, da wuridi, da muƙaddamin da ke ba da izini. Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani ce, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani ce, ya rasu a Fas a 1815. Don haka "wane ya karɓi ɗariƙa" ake cewa, ba "ya karɓi sufanci" ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cuɗa ta da duba, bori ko sihiri. Mai buga ƙasa ba sufi ba ne, ko carbinsa ya kai ƙasa tsawo. Ko malaman da ke sukar ɗariƙu, a kan bidi'a suke jayayya, wannan magana ce daban.

A hirar yau da kullum kalmar ta yi laushi. In ka ji an ce "ai Malam sufi ne", nufinsu abin duniya bai dame shi ba, ba ya son hayaniya. In aboki ya ɓace kwana biyu, sai a tare shi da "ka shiga halwa ne?" Wannan duk daidai ne a baki, amma kada ya shiga rubutun ilimi.

Na sa yaron ya goge layin, na kuma aika shi zawiyar unguwarmu ranar Juma'a bayan la'asar ya zauna ya saurari zikiri.