Kurakuran CV na masu neman koyon aikin renon yara

Kuskuren da ya fi yawa a nan Sakkwato shi ne a shiga shagon kwamfuta a Mabera ko Runjin Sambo, a ce wa mai buga takarda ya ɗora suna a kan CV ɗin wani, wato takardar bayanin karatu da ƙwarewa da ake kaiwa wajen neman aiki. Sai takardar da aka tsara don aikin banki ta isa teburin shugabar makarantar nazare, babu ko kalma ɗaya a kan yara. Ki rubuta taki da hannu tukuna, sannan ki kai a buga.

Inda 'yan mata suka fi cutar kansu kuwa, wurin ƙwarewa ne. Sai a rubuta "babu", alhali kin goya ƙannenki, kin riƙe ajin ƙanana a Islamiyya. Wannan duk aiki ne, kuma shi ake son gani a wajen mai neman koyo. Amma "ina son yara" ba ta wadatar ba, kowa haka yake faɗa. Ki rubuta kamar haka: "Daga 2022 zuwa 2024 na kula da yara 4 'yan shekara 2 zuwa 5 kowace yamma: ciyarwa, wanka, koya musu zuwa bayi." Idan kin iya haɗa ruwan gishiri da sukari, kin san alamun yaron da ruwan jikinsa ya ragu, ki faɗa, duk wadda ta riƙe yara a zafin watan Afrilu ta san darajar wannan. Sai dai kada ki sa sunayen yaran ko hotunansu, amana ce.

A ɓangaren karatu, ki sa shekarar WAEC ko NECO da sakamakon yadda yake. Idan kina tsakiyar karatun NCE, wato na shaidar malanta, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ki ce kina kan karatu, kada ki ce kin gama, domin ranar ganawa za a nemi takardun asali. Sunan ma ya dace da na takardun: ba Aisha nan, A'ishatu can ba.

Masu yi miki shaida kada su zama baba ko kawu. Ki nemi shugabar makarantarku ko malamin Islamiyya, ki nemi izininsu kafin ki sa lambarsu, don kada a kira su ce ba su gane wa ake nufi ba.

Shafi ɗaya ya isa, da lambar wayar da ke hannunki kullum.