Yadda Za Ka Yi Takara da Amininka a Zaɓen Makaranta Ba Tare da Kun Ɓata Ba

Da zarar an koma makaranta a watan Oktoba, makarantun Yamai sukan shiga hidimar zaɓe. A aji ana zaɓen shugaban aji, wanda ɗalibai suka fi sani da shef, a wasu makarantun firamare ana kafa gwamnatin ƴan makaranta mai shugaba da ministoci, a kwaleji da lise da Jami'ar Abdou Moumouni kuwa akwai kujerun ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa tun 1960. Kujerun nan suna da nauyi a ƙasarmu Nijar, domin ɗalibai ne suka fito ranar 9 ga Fabrairu 1990 har aka kashe uku daga cikinsu a Gadar Kennedy, lamarin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Ba abin mamaki ba ne, ke nan, aminai biyu da suke zama benci ɗaya su wayi gari kowannensu yana son kujera guda.

Abu na farko shi ne ka sanar da amininka da bakinka, kafin ka kai sunanka wurin malamin da ke rubuta ƴan takara. Kada ka bari ya tsinci labarin a rukunin WhatsApp na aji, domin abin da ya fi ɓata rai shi ne mutum ya ji a bakin wani abin da ya kamata ya ji daga gare ka. Ka same shi shi kaɗai, a hanyar komawa gida ko bayan sallar la'asar, ka ce masa: "Abokina, ina son in tsaya, kuma na ji kai ma kana so, to mu yi magana tun yanzu." Idan ɗayanku ya ga zai janye da zuciya ɗaya, madalla. Amma kada ka roƙe shi ya janye saboda abota, kai ma kada ka janye don kunya, domin wanda ya bar kujera yana cizon yatsa zai riƙa ƙirga ta a matsayin bashi, kuma duk ranar da kuka saɓa sai ya yi maka gori.

A wannan zaman ne za ku ƙulla sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci, wato duk abin da kuka sani game da juna ta hanyar aminci ba zai shiga kamfe ba. A nan nake son in daɗe, domin a nan na taɓa yin kuskure. A shekarar da muke shirin jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji na yi takarar shef da wani aminina wanda muke tafiya makaranta tare daga Boukoki. Ya taɓa gaya mini, ni kaɗai, cewa ya maimaita aji a garin da suka baro saboda rashin lafiyar mahaifinsa. Wata rana muna shan shayi a fada, wato majalisar hirar samari, wani mai goyon bayana ya tambaye ni raunin abokin takarata, sai maganar ta kuɓuce mini. Washegari, kafin a fita hutun safe, rabin aji suna cewa wanda ya faɗi jarrabawa ba zai shugabance su ba. Na ci zaɓen, amma daga ranar ya sauya hanyar zuwa makaranta, kuma har muka gama shekarar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Har yau ina ganin yadda ya tattara littattafansa ya koma bencin baya ba tare da ya ce mini uffan ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ni a ranar ban riƙe amana ba.

Daga wannan za ka gane cewa haɗarin ya fi zuwa daga magoya baya. Su ne masu kai-kawo, masu zuwa su ce "ka ji abin da wane ya faɗa a kanka?" Ka tara naka tun ranar farko ka gaya musu cewa duk wanda ya zagi amininka da sunanka ba ya tare da kai. Idan an kawo maka magana, kada ka mayar da martani sai ka tambayi mai ita ido da ido, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfenka kuma ya tsaya kan aikin kujerar: tsarin sharar aji, alli da gogen allo, kai kukan ɗalibai wurin shugaban makaranta, da lissafin kuɗin da aji ya tara.

Abokan da kuka haɗa ma suna cikin tsaka mai wuya. Kada ka sa kowa ya rantse zai zaɓe ka, kada kuma ka binciki wanda ya zaɓa bayan an gama. Ku roƙi malami a yi zaɓen da ƴan takardun da aka yago daga littafin rubutu, a naɗe a jefa cikin kwali, maimakon ɗaga hannu, saboda ɗaga hannu yana tilasta wa abokinku na uku ya zaɓi ɗaya a gaban idon ɗayan.

Wanda yake ganin takara ba ta isa ta raba makusanta ba, ya dubi tarihinmu. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, ƴan uwa ne, dukansu haifaffun Soudouré a gefen Yamai, dukansu kuma sun yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, amma ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa ta same su a ɓangarori biyu, aka haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, Djibo ya yi shekaru yana gudun hijira.

Ranar zaɓe ku shiga aji tare. Lokacin da ake karanta takardu ɗaya bayan ɗaya ana jan layi da alli a ƙarƙashin sunayenku, ka kame fuskarka, domin duk aji ku biyu suke kallo. Idan ka faɗi, ka riga kowa tashi ka miƙa masa hannu, kuma kada ka ce an yi maguɗi alhali a gabanka aka ƙirga. Idan kai ka ci, ka hana magoya bayanka buga benci da yi masa ihu, kada kuma ka yi saurin ba shi muƙamin mataimaki a bainar jama'a kamar kana yi masa sadaka. Ka bar shi ya huce kwana biyu, sannan ka tambaye shi a keɓe ko yana son ku yi aikin tare, idan ya ce a'a ka karɓa. A yammacin ranar kuwa ka tafi gidansu da ƙafarka, ka gaishe da mahaifiyarsa kamar yadda ka saba, ku fito ku zauna a fada har a sauke shayi na uku, gobe da safe kuma ka tsaya a ƙofar gidansu ka jira shi ku tafi makaranta.