Yadda Ake Raya Dakwara a Kan Faƙo a Ƙasar Adar

Duk shekara ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a faɗin Nijar, amma kafin bazara ta kewayo awaki da ƙishirwa sun gama da wasu. Wanda ke son gonar dakwara a jihar Tawa, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba a wurare da yawa, dole ya fara tanadin ruwa tun kafin ya nemi dashe.

Da rani ake haƙa ramin tare ruwa da ake kira rabin wata. A dubi inda ruwa ke gangarowa, a zana rabin da'ira mai faɗin mita 4 da bakinta yana fuskantar tudu, a haƙe cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, sannan a tara ƙasar a bayanta a daddale, a jera duwatsu idan akwai. Layi na biyu ba ya bin na farko kai tsaye, ana saɓa su ne domin ruwan da ya kuɓuce tsakanin rami biyu ya faɗa na ƙasa. A zuba busasshen taki, gara za ta shigo ta huda faƙon, ruwa ya sami hanyar nutsewa. Da irin wannan tare ruwa aikin raya karkara na Keita a jihar Tawa, wanda aka fara a 1984, ya farfaɗo da filayen da aka riga aka yanke ƙauna da su.

Ba a dasawa a ruwan farko, sai ƙasa ta jiƙu sosai a watan Yuli. A yanke ledar dashen, a datse saiwar da ta nannaɗe a gindi, kuma kada a yar da ledar a gona, gama dabbobi na haɗiye ta.

A ganina, shinge ya fi dashen kansa wahala. Kowace 'yar itaciya tana bukatar kewayen ƙaya har shekara 3, kuma ƙayar a samo ta daga rassan sassabe, kada a kayar da wata itaciya don kare wata. Idan gawo ko magarya ko aduwa suka tsiro da kansu, a bar su, a rage musu rassa kawai.

Bayan shekara 4 ko 5 ake fara tsaga don ƙaro, da shigowar ɗari, lokacin da ganye ya fara zuba. A ɓare ɓawo ɗan siriri a kan rassa kaɗan ba tare da wuƙa ta taɓa icen ciki ba, a canza rassa baɗi, sannan a jira kamar wata ɗaya kafin tsinkar farko.